Tumun Gangare

Yayana Shitu ba ya sauraren magana har ƙarshenta. Ka ce masa, "Ruwa na tafe, amma..." kafin ka kai ga abin da ke bayan amma ɗin ya saɓi sungumi ya nufi gona. Haka yake tun muna yara a Tungar Marke, can gefen Nasarawa Burkullu, kuma furfura ba ta rage masa komai ba. Ni Habsu, ƙanwarsa ce. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidansa da zama, ina suyar ƙuli-ƙuli na sayarwa, ina kuma gaya masa gaskiya kyauta.

Gonarsa ɗaya ce, ta gado. Samanta tudu ne mai rairayi, sai an lallaɓa shi yake ba da abin kirki. Ƙasanta kuwa gangare ne da ya sauka bakin rafi, baƙar ƙasa mai laushi, kuma a da geron wurin ne ke fara nuna duk garin. Kafin kowa ya ga zangarniya a gonarsa, yaran gidanmu sun babbaka tumu sun murje sun cika baki. Da wannan gangaren mahaifinmu ya yi suna, da shi kuma Yaya Shitu ya gaji baki.

Sai shekarun nan suka zo da zinari ya juya kan samari. Suka zo suna roƙon ya bar su su riƙa wanke garin dutse a bakin rafin, ya amince tun ba su gama roƙon ba. Babu wanda ya san dutsen nan yana ɗauke da gubar dalma. A lokacin Sa'adatu, ɗiyarsa, tana gida da ɗanta na fari, Nuhu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Kakansa kan saɓa shi a wuya ya kai shi gangare, ya ajiye shi yana wasa da lallausan garin nan yayin da shi yake noma. Da yara suka fara suma suna sanƙarewa, Nuhu na cikinsu. Aka kai shi asibitin Anka, bai dawo da rai ba. Ba shi kaɗai garin ya rasa ba, amma shi ne namu, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidaje, suka kankare saman gangaren ma, amma suka ce kada a ƙara shuka abin ci a wurin. Yaya Shitu ya kewaye shi da ƙaya, ya koma fama da tudu.

Sa'adatu ba ta taɓa gaya wa ubanta baƙar magana ba, ko sau ɗaya. Sai dai tun daga ranar babu ƙwayar hatsin gonarsa da ta shiga gidanta a Bukkuyum, ta gangare ko ta tudu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Shi kuwa duk shekara, da geron tudu ya yi ƙwari, sai ya yanki zangarniya masu kyau ya cusa a buhu, ranar kasuwar Bukkuyum mu hau mashin tare, ni da tiren ƙulina, shi da tumun jikoki.

Tana tarbarsa da fara'a, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa da abinci. In ya tura buhun gabanta sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi hanƙuri. Ba kai nika ƙi ba, ƙasagga nika tsoro."

"Na tudu na hwa, Sa'a. Tudu ina, gangare ina?"

"Ruwa da iska ba su san iyaka ba, Baba."

Abin da ke ƙara masa zafi shi ne jikarsa Nana, wadda yake kira amaryarsa kamar yadda kakanni ke yi. Yarinyar nan bakinta irin nawa ne. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai wane irin miji na? Ka zo da kaya, ka koma da kayanka! Ni dai sakina za ka yi in auri mai tumun kasuwa." Ƙaninta Faruku ya faɗi yana dariya, kakan ma ya yi dariyar har da buga cinya. Amma ni da ke zaune bayansa a mashin na san yadda yake yin shiru duk hanya. In mun sauka, 'yan acaɓan bakin gari su ce, "Baba Shitu, an karɓa?" Ya ce, "Ba su gida." Kowa ya san suna gida.

Wata kaka, bayan an gama yankan dawa, malamar gona ta zo daga Bukkuyum, Malama Zinatu, ta tara mutane a gindin marken da garin ya ci sunansa. Ta sa aka haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, aka zuba kara aka cinna wuta. Da saman ya fara yin fari sai ta ce a ƙara wani karan, haka haka har ramin ya cika, sannan aka kwara masa ruwa kafin ya zama toka. Abin da ya fito baƙi ne, mara nauyi, kana murzawa yana rugujewa. Sunan da 'yan boko ke kiransa bai zauna a bakinmu ba, mu dai gawayin gona muka sa masa.

"Wannan in ya shiga ƙasa yana riƙe ruwa, yana riƙe taki," in ji ta. "Kuma inda dalma ta taɓa, yana kama ta ya ɗaure, ta rage hawa cikin shuka. Ba fitar da ita yake yi ba, ɗaure ta yake yi. Amma..."

Ina waiwayawa na hango bayan rigar Yaya Shitu ta sha kwana. Ya ji "dalma", ya ji "ɗaure", ya gama.

Ni na tsaya na ji sauran. Malama ta ce ba a zuba shi haka tsurarsa, sai an cakuɗa shi da kashin shanu ko na awaki ya kwana biyu ya ƙoshi. Da na koma gida na gaya masa, ya ce, "Ke da ƙuli-ƙuli, mi kinka sani ga noma? Ai shanun Yahaya na tahe, taki ba ya yankewa gonata."

To, a nan kuskuren yake. Tun zamanin iyayenmu akwai al'ada tsakanin gidanmu da rugar su Yahaya. In an kwashe amfani, shanunsu su shigo tudu su ci kara da ganye, su kwana nan har rani ya yi nisa, su bar mana kashinsu. Ba a roƙo, ba a ciniki, ba a ma maganar. Matarsa ta aiko mana da nono, mu aika musu da dawa. Uban Yahaya da ubanmu haka suka yi har suka mutu, kuma da takin nan ne kawai tudun yake numfashi.

Yaya Shitu kuwa, da zafinsa, ya bi gonar nan ya tattare kara kaf, na gero da na dawa, har kututturen da ke ƙasa bai bari ba. Ya haƙa ramuka ya yi ta ƙonawa, yana dawowa gida baƙi ƙirin sai ido da haƙori. Ko da Yahaya ya iso da garkensa, gona ta zama kamar filin idi. Ina wurin, na kai abincin rana. Yahaya ya dogara sandarsa, ya dubi gabas ya dubi yamma, shanu na sansanar ƙasa.

"Sannu da aiki, Kaɗo," in ji shi. "Gona ta yi tsabta."

"Ka gani ko!" in ji Yaya Shitu, yana washe baki. "Sabon ilimi na, Bahillace. Kai dai jira damana."

"Allah shi kai mu."

Ya juya shanunsa ya tsallake rafi. Wanda ya zauna da Fulani ya san filako: yunwa za ta kashe mutum bai ce yana ji ba, ka ɓata masa rai ya yi maka sannu. Yaya Shitu ya shekara nawa da Yahaya, amma ya ɗauka yabo ne. Ni ce na fara gane an yi ɓaranɓarama, da na ga furata ta koma damun ruwa, ƙwaryar nono ta daina zuwa.

"Yaya, Yahaya ya yi hushi."

"Hushin mi? Ba ki ji yac ce gona ta yi tsabta ba?"

Don ya rufe mini baki sai ya ba ni buhu guda na gawayinsa, wai in ga albarka. Na zuba a murhu na ɗora mai. Ina fifitawa yana tashi sama, wuta ta ƙi kamawa, ƙulin ranar ya sha mai ya yi lakwas. Haushi ya sa na ja buhun na juye shi a turken awakina, na ce su ma su ga albarka.

Da ruwa ya sauka ya cire ƙayar gangare, ya baza gawayi tsurarsa sama da ƙasa, ya shuka. Gero ya fito, ya tsaya. Ganye ya yi ɗorawa, kara siriri kamar tsinken tsintsiya. Gangaren da ake taƙama da shi bai kai gwiwa ba, tudu kuma da bai ga kashin saniya ko ɗaya ba ya fi shi lalacewa. Garin neman gira an rasa ido. Mutanen gari, da ba su da aiki sai na baki, suka naɗa masa sarauta, Sarkin Gawayi. In ya wuce majalisa sai a ce, "Ranka shi daɗe, ƙaƙa talakawa?"

Wannan bai dame shi ba kamar ranar kasuwar da lokacin tumu ya yi. Na shirya tirena, na ce ya taso. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Babu abin da ya sami ƙafarsa, zangarniyar da zai sa a buhu ce babu. Na je ni kaɗai, Nana ta ce in gaya wa mijinta in ya gudu ne ya aiko mata da takardarta. Ban gaya masa ba. Na tausaya masa ƙwarai, don a da ko ba a karɓa ba yana da abin miƙawa.

Ana cikin haka sai kabewata ta haukace. Kowace shekara nakan share turken awaki in tara a bayan ɗaki in jefa 'ya'yan kabewa, ta yi abin da ta ga dama. A shekarar kuwa ta haye zana, ta haye ɗakina, ta tsallaka rufin ɗakinsa, ganye ya kai faifai. Wata safiya yana alwala guda ta gangaro daga rufi ta fashe gab da butarsa. Ya yi tsalle yana salati, ya ce ko kabewar ma ta shiga sahun masu yi masa ba'a.

A makon ne Malama Zinatu ta zagayo duba gonaki. Ya tare ta tun daga bakin zaure.

"Malama, gawayinki ya kashe mani gona!"

Ba ta yi gardama ba. Ta je ta duba gonar, ta dawo ta zauna, idonta ya faɗa kan kabewa. Ta tambaye ni me na sa mata, na ce sharar awaki ce kawai. Ta tona gindinta da tsinke, sai ga baƙin gawayi yana warin akuya. Ta sa dariya, ta ɗebo ta zuba wa Yaya Shitu a tafin hannu.

"Baba, gawayin nan duk jikinsa ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani. In ka kai shi gona da yunwarsa, abincin shuka zai fara ci. Naka da yunwa ya je. Na Gwaggo kuwa awaki sun ciyar da shi duk rani, shi ya sa yake ciyar da kabewa. Ai na faɗa ranar taro."

"Ta hwaɗi," na ce. "Wasu dai sun riga sun kai gona."

"Bai ɓaci ba, wanda ka zuba yana nan, taki kawai yake jira. Ina shanun da ke kwana gonarka?"

Yaya Shitu ya kama kallon farcen ƙafarsa. Ni na amsa mata, ban kuma rage komai ba.

Da kaka ta zagayo, ya ɗaura dammen harawa mafi kyau a gidan, ya ƙi yarda kowa ya ɗaukar masa, ya ɗora a kansa da tsufansa. Na bi shi da goro, don ba zan bari a ba ni labarin wannan ba. Muka sami Yahaya zaune a inuwa yana tufkar igiya. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi shanu, aka sake tambayar iyali. Can Yaya Shitu ya yi gyaran murya.

"Yahaya, na yi kuskure. Na ƙone abincin shanunka. Ka yahe mani."

"Ni? Mi ka yi mani, Kaɗo? Ni ba ni cin kara." Ya nuna wata tsohuwar farar saniya da leɓe. "Ga wadda ka yi ma laihi can, Daneje, uwar garke. Tun tana maraƙa taka cin gonarka. Ita tat tahi da yunwa, ita za ka ba hanƙuri."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai na ga ya kwance dammen, ya ɗebi harawa, ya tafi gaban saniyar nan ya durƙusa. Durƙusa wa wada ma an ce ba gajiyawa ba ne, balle uwar garke.

"Hajiya Daneje, ga Shitu ya zo. A yi mani aikin gahwara."

Saniya ta dube shi ta kawar da kai. Matan ruga da ke leƙe ta bayan bukka suka fashe da dariya, ni kuwa har da hawaye. Ya ƙara matsawa yana miƙa mata, yana kiranta da sunaye masu daɗi da bai taɓa kiran matarsa da su ba, Allah ya ji ƙanta. Daga ƙarshe ta zaro harshe ta naɗe harawar, ta haɗa da gefen hularsa.

"Ta yahe," in ji Yahaya, yana ɓoye dariya da hannun riga. "Amma hulag ga tara ce."

Ranar ba mu dawo hannu biyu ba, ƙwaryar nono ce a kaina.

Shi da Yahaya ne suka zauna da Malama suka tsara yadda za a yi, kuma abin ya zo da sauƙi har ya ba ni haushin shekarar da muka yi asara. Shanu ba sa cin kara duka, ganye da kan mai taushi suke ci su bar sandar. To, a bar su su fara ci. Abin da suka bari shi za a tara a ƙona, a ƙara da ɓuntun shinkafa da wani direba ke kwaso mana daga Gummi, inda masu casa ke neman wanda zai raba su da shi. Gawayin kuma a shimfiɗa shi inda shanu ke kwana, su taka, su yi kashi da fitsari a kai duk rani. Karan gangare kaɗai ta hana a ba dabba sai an gwada, aka mai da ƙayar wurin. Yahaya ya ce makwancin shanunsa ya rage wari da ƙuda, amma kada Kaɗo ya ji ya ce shi ya ƙirƙiro.

Gab da damina aka kwashe aka kai gangare, aka kai tudu. Ba zan cika ku da yabon gero ba, ni ba maroƙiya ba ce. Abin da na sani shi ne, da Yaya Shitu ya shiga gangare sai ka yi kira ka ji ta inda zai amsa. 'Yan majalisa suka daina cewa ranka shi daɗe, suka koma zuwa da sassafe wai sun biyo hanya ne, suna satar kallon ramukansa.

Lokacin tumu na yi ya ɗauko buhu. Na ce, "Yaya, kyawon gero ba shi na magana ba. Dalma ba ta da kama." Kafin ya amsa sai ga sallama. Sa'adatu ce da Malama Zinatu a kan mashin ɗaya. Rabon Sa'adatu da hanyar gonar nan tun rasuwar ɗanta.

Ta tsaya a bakin ƙaya ta daɗe. Ubanta ya zaro wuƙa zai yankar mata masu kyau na kusa, ta miƙa hannu ta karɓi wuƙar.

"Ni za ni yanka, Baba."

Ta ratsa geron ta gangara har ƙasa, daidai inda samari suka yi wankin dutse, inda Nuhu ke zama. Daga nan ta yanka, sannan tsakiya, sannan tudu, Malama na ƙullawa daban-daban tare da ƙasar kowane wuri. Ta ce kuma ba za ta ba kowa saƙo ba, da ƙafarta za ta bi Malama har birni, ta ga an zuba a na'urar gwaji da idonta. Mijinta ya yarda. Tumun shekarar dai haka ya bushe a gona, ba a kai ko ɗaya Bukkuyum ba.

Sai da rani ya shiga Malama ta dawo da amsa. Ta sami Yaya Shitu a zaure, ni ina daga bakin ƙofa.

"Baba, hatsin tudu lafiya lau. Na tsakiyar gangare ma abin da ke cikinsa bai kai wanda ake tsoro ba, ana iya ci."

Ta dakata ta sha ruwa. Na zuba ido in ga tashinsa. Bai motsa ba. Ya haɗa hannu a gwiwa ya ce, "Ina jin ki, Malama. Amma mi?"

Na kusa yin guɗa. Mutumin nan ya haura sittin kafin ya tambayi abin da ke bayan amma.

Ta ce amma bakin rafin can ƙasa bai yi ba tukuna, a dasa itatuwa a bar shi. Amma kada a shuka ganyen miya a gangare, ganye ya fi hatsi jan dalma. Amma yara kada su yi wasa da ƙasar wurin, don tana nan a ɗaure, ba ta tafi ba, kuma duk wanda ya yi aiki ya wanke hannu da ƙafa kafin ya shiga gida. Amma a ci gaba da zuba gawayin da ya ƙoshi, a kuma sake gwadawa. Amma huɗu ko biyar ta jero masa, ya zauna ya shanye su duka, har yana maimaitawa.

Sa'adatu ta ji amsar tun a birni, amma ba ta aiko da ko kalma ba, shi kuma bai tambaya ba. Haka muka ci rani, muka shiga wata daminar. Da geron tsakiyar gangare ya yi ƙwari, ya riga na kowa kamar zamanin ubanmu, Yaya Shitu ya yanko ya wanke hannunsa har gwiwar hannu, ya zuba a sabon buhu. Muka hau mashin muka nufi Bukkuyum.

Sa'adatu ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Ya tura buhun gabanta a hankali, bai dube ta ba. Nana ta riga ta riƙe ƙugu za ta fara, uwarta ta ɗaga mata hannu.

"Na ina na, Baba?"

"Na gangare na. Tsakiya. Ban taɓa na bakin rahi ba."

Ta jawo buhun. Ta ɗauraye zangarniyar, ta hura wuta da kanta, ta jera su tana juyawa har ƙamshi ya cika gidan. Ta ɗauki guda ta murje a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta watsa a bakinta. Ta daɗe tana taunawa, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Ni ma kuka nake, ban ɓoye ba. Sannan ta murza wa Nana, ta murza wa Faruku.

Nana ta tauna ta tauna, ta dubi kakanta sama da ƙasa.

"Tau, na hwasa hita. Amma baɗi ka zo da wuri, kuma buhu biyu."

"Ji ta da amma!" in ji shi.

Yara suka kira na maƙwabta, kafin la'asar babu ƙwaya ɗaya a buhun. Da muka tashi tafiya na ga ya sunkuya yana tsintar zangarniyar da aka murje tas aka yar a tsakar gida, yana zurawa a aljihu. Sa'adatu ma ta gani, ta yi kamar tana neman murfin tukunya.

Muna sauka a bakin gari 'yan acaɓa suka taso da tambayarsu ta kowace shekara.

"Baba Shitu, an karɓa?"

Ya zazzage buhun a gabansu, ya juya shi ciki waje.

"Suna gida," in ji shi. "Sun cinye."

Da muka isa gida ya taka turmi ya soke zangarniyoyin nan a rufin zaure, wurin da ubanmu ke soke geron iri. Na ce masa waɗannan ai ba sa tsirowa, babu ko ƙwaya a jikinsu. Ya ce ya sani, shi ya sa.